Muryar Anduang a Kwamfutar Ayah

Ku da kuka cika min waya da tambayar ina na shige sati guda cur, ku yi min afuwa. Wata har cewa ta yi ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ina fa, 'yar uwa. Ni Wirda a satin nan ko kwalli ban iya sa wa idona ba. Ku gyara zama, wanda ya shigo yau ma ba zan bar shi a baya ba.

Shekara biyu ke nan muna son juna ni da Uda Afdal. Ina ce masa Uda, wato yaya a yarenmu, shi kuma yana ce min Diak, wato ƙanwa. Ɗalibin mahaifina ne, Ayah, Allah ya jiƙansa, a kwalejin da ya koyar da kwamfuta nan Payakumbuh. Ranar da na fara ganinsa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ya zo mayar wa Ayah da littafi. Ya naɗe littafin a rigar ruwansa, shi kuwa ya jiƙe sharkaf, tabarau duk hazo, yana ba ni haƙuri wai ya ɓata mana dakali. Tun ranar ban warke ba.

Abin da ya tsaya mana shi ne dukanmu biyu sunan dangi ɗaya muke amsawa, Sikumbang. Kun san mu ta uwa muke bin dangi, kuma 'yan ciki ɗaya ba sa auren juna ko kakanni bakwai ne tsakani. Addini bai hana ba, liman ma ya faɗa. Amma wanda ya yi, ba a ƙara shimfiɗa masa tabarma a biki ko makoki, uwarsa ma sai ta riƙa bin gefen hanya a ƙauye. Suna kaɗai ba ya hanawa in tushe daban ne. To, kawuna Mak Dang, yayan mahaifiyata, wanda maganar aurena ke hannunsa, ya kafe cewa kakar kakarmu daga Sariak ta sauko, ƙauyen su Afdal, daga gidansu ma. Amak, mahaifiyata, tana tuna cewa uwarsu ta taɓa faɗin wani abu daban, sai dai ba ta riƙe ba. Takardar salsalarmu ambaliya ta cinye ta tun ina firamare. Kakar tawa, Anduang, shekara huɗu da rasuwa.

Muryarta kaɗai ta rage. Azumi uku Ayah ya yi yana zama gabanta bayan la'asar da 'yar na'urarsa, tana ba da labarai yana ɗauka. Wata takwas da suka wuce shi ma ya bi ta, ya bar kwamfutarsa a kan tebur da biro a gefenta kamar wanda ya fita sayo jarida.

Lahadin waccan na rungumi kwamfutar na kai babban gidan dangi da ke ƙauye. Ga folda a fuskar allo, Ayah ya sa mata suna Anduang. A ciki kowane fayil da sunansa: yadda ake dafa naman rendang na biki, waƙar reno, shekarar da dutse ya yi aman toka, asalin gidanmu. Na danna na ƙarshen a gaban Mak Dang da ƙannen Amak uku. Kwamfuta ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Na danna wani, haka. Na duba girmansu, sifili, sifili, sifili, har ƙasa.

Mak Dang ya gyara hularsa ya ce, "To, 'yar malamin kwamfuta, kakar taki yau ba ta jin magana ne?"

Ba mugu ba ne, kar ku tsane shi. Shi ya ɗauke ni a wuya ya kai ni makarantar allo ranar farko. Tsoron bakin ƙauye yake yi. Ya ba ni zuwa Lahadi mai zuwa bayan azahar, ya ce in babu abin da za a ji, zai je ya gaya wa Datuak, shugaban danginmu, cewa an rufe maganar.

Ranar Laraba na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya leƙa bai fi minti biyu ba ya ce cuta ce ta cinye fayilolin, abin da ya fi a wanke ta kaf a zuba mata sabon tsari. Wallahi na kusa cewa to. Har ya jawo igiya. Ban san abin da ya sa na ciro waya ba.

"Uda, mai gyara ya ce a wanke kwamfutar Ayah."

"Kina ina?"

"Shagonsa."

"Ɗauke ta ki fito. Ko ƙura kar ki bari ya goge mata. Turo min hoton foldar."

Na tura, ina tsaye a bakin rumfar masu barkono, hawaye na sauka kan allon waya.

"Dukansu sifili ne?"

"Dukka."

"Alhamdulillah."

"Ina kuka kana alhamdulillah?"

"Da cuta ce da ba ta cinye su daidai wa daida haka ba. Na san hannun malamina. Zan zo Asabar da safe, amma da sharaɗi biyu. Amak ta zauna tare da mu, kuma ni ba zan taɓa kwamfutar ba."

Asabar ɗin sau uku ina canja kaya. Daga ƙarshe na sa doguwar rigata ruwan ganyen ayaba mai ƙananan furanni a bakin hannu, da hijabi ruwan madara, na maƙala 'yar allurar azurfa ta Anduang a ƙarƙashin haɓa. Amak ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita dai ta ɗauka kwamfuta za a gyara. Na yi kamar ban ji ba.

An yi yayyafi da asuba, kwanon baranda na ta ɗiga kan tukwanen furannin Ayah. Ƙarfe tara ya ajiye babur a bakin shinge. Rigarsa ruwan ƙasa ta sha guga har tana tsayuwa da kanta. Ya gaida Amak, ya kai hannunta goshinsa, ya je can ƙarshen teburin kaba ya zauna ya cusa hannayensa tsakanin gwiwoyi kamar yaron da aka kawo ƙara. Amak ta kawo shayin ƙwai mai kumfa da soyayyar ayaba, ta tambaye shi me ya sa yake gudun kwamfutar kamar za ta cije shi.

Ya ce, "Gobe Mak Dang zai tambaya wa ya buɗe. Ni ne mai riba in muryar ta faɗi abin da nake so. Ina so Amak ta iya rantsewa yatsana bai hau ba."

Na ga Amak ta tura masa farantin ayaba kusa.

Sai ya shiga yi min bayani a hankali, yadda Ayah yake yi wa ɗalibai. Ya ce kwamfutar nan tsari biyu ne a cikinta. Wanda nake gani, mai hotuna da dannawa, Windows ne, shi ne mai gida. Amma Ayah ya ajiye Linux a cikinsa, da ɗakinsa da kayansa da yarensa, kuma a can yake yawancin aikinsa. Abubuwan da na gani a folda ba fayiloli ba ne tun farko. Manunai ne, kamar 'yar takardar da mutum zai manna a ƙofa ya rubuta ina gidan wane. Daga ɓangaren Linux Ayah ya rubuta su, da irin adireshin can. Mai gida yana ganin takardar a manne, amma bai iya bin adireshin ba, sai ya ce babu kowa. Da mai gyara ya wanke kwamfutar, da takardun sun tafi.

Na ce ban gane yadda wani zai zauna cikin wani ba. Ya ɗan saci kallon Amak ya ce, "Kamar mijin garinmu ne a gidan matarsa, Diak. Yana ci, yana kwana, ana girmama shi, amma gidan ba nasa ba ne, kuma akwai akwatinsa da ba kowa ke da makulli ba."

Amak ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Rabon da in ji dariyarta tun kafin asibiti. Ta ce shekara ashirin da bakwai Ayah ya yi a gidan nan, har ya rasu in zai buɗe kabad ɗin kicin sai ya nemi izini.

Afdal ya ce in nemi wata alama a ƙasan allo in danna. Baƙin allo ya fito, babu hoto ko ɗaya, sai ɗan layi na ƙiftawa yana jira. Yana faɗin harufa ɗaya ɗaya ina bugawa. Na yi kuskure sau biyu, ya ce ashe 'yar malam ba ta gaji malam ba, na ce shi da ya gada ai ga shi can ya ɗaure hannu. Muka shiga foldar ta wannan ƙofar. Ya ce in rubuta ls -l in danna.

Sunayen nan dai suka jero, amma yanzu gaban kowanne akwai 'yar kibiya, bayan kibiyar kuma dogon adireshi. Afdal ya miƙo wuya daga inda yake bai tashi ba, ya ce in karanta masa. Farkon adireshin ya nuna faifan ajiya ne na waje, wanda ake jonawa da igiya, mai harafin E. Na ce ai na birkice ɗakin Ayah tun watan jiya ban ga wani faifai ba. Ya ce in ci gaba, malam yana da ɗabi'ar sa wa faifai sunan wurin da yake ajiye shi, don mantuwa.

Na karanta. Da yarenmu Ayah ya rubuta: keken ɗinkin Amak.

Amak ta ajiye kofinta. Keken nan na ƙafa yana lungun falo a lulluɓe da tsohon zani. Ayah ne yake zuba masa mai duk ƙarshen wata, kuma tun da ya rasu ba ta yaye zanin ba, ko shara ta zo wurin sai ta kauce. Na ce bari in duba. Ta ce a'a, kekenta ne.

Ta daɗe a ciki. Muna jin ƙarar aljihun katako, sai shiru. Afdal ya zuba wa ɗigon ruwa ido, ni na zuba wa hannayensa. Da ta fito idonta ja ne, tana riƙe da wani ɗan baƙin abu kamar sabulun wanka, a naɗe cikin hankicin Ayah mai layin shuɗi. Ta ce a bayan zare ya sa shi, inda ya san ita kaɗai ke sa hannu. Ta ba ni faifan, hankicin kuwa ta cusa a hannun rigarta.

Na jona, amma manunan suka ƙi kamawa. Na ji kamar in kifa kai in yi ihu. Afdal ya tambaya ko akwai wani abu a jone a gefe. Filashina ne na makaranta, na manta da shi tun Laraba. Ya ce shi ya riga ya karɓe harafin E, aka ba faifan Ayah F, adireshi kuwa ba ya lallashi, in an ce gida na biyar ba ya shiga na shida. Na cire duka biyun, na kashe kwamfutar, na jona na Ayah shi kaɗai na kunna.

Faifan ya buɗe. Fayil ɗari huɗu da goma sha biyu, babu mai suna ko ɗaya, lamba ce kawai yadda na'urar ɗauka ta jera su. Ba don manunan ba, da sai mun yi wata muna saurare kafin mu kai ga wanda muke nema. A nan na gane aikin da Ayah ya yi. Ya zauna ya saurari surukarsa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa kowace magana takardarta. Kibiyar asalin gidanmu ta nuna lamba ɗari biyu da tamanin da bakwai.

Don mu tabbatar, muka fara gwada na rendang. Aka ji ƙarar cokali, kaza ta yi kuka daga nesa, sai muryar Anduang tar kamar tana bayan labule: "Malam, janye abin nan daga bakina, ba lasa zan yi ba." Sai dariyar Ayah, da muryarsa yana ce mata to, na janye.

Ba zan iya rubuta muku abin da ya faru a barandar nan ba. Na dai san Afdal ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da gefen rigar da ya sha wahalar gugewa.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar faɗa, amma na yi muku alkawarin gaskiya. Da Amak ta shiga ɗauko ruwa, na kai kibiyar kan ɗari biyu da tamanin da bakwai. Zuciyata ta ce ki ji yanzu. In ta ce ciki ɗaya kuke, fayil ɗaya ne cikin ɗari huɗu, wa zai san ya taɓa zama? Ni da nake karanta littattafan masoya masu sadaukarwa ina kuka, ga ni ina shirin share muryar kakata.

Ya gani a fuskata. Ya ce kar in danna.

Na ce, "In ta raba mu fa, Uda?"

Ya ce, "In ta raba mu, ta raba mu a gaban kowa, mu yi kukanmu da mutunci. Gidanku zan tare in Allah ya yi, Diak. Ta ƙofa nake so in shigo, ba in haura katanga ba."

Na janye hannu. Amak tana tsaye a bakin ƙofa da jug ɗin ruwa, ban san tun yaushe ba. Ita ta cire faifan da kanta, ta kwana da shi.

Lahadi bayan azahar muka hau matakalar babban gida. An shimfiɗa tabarmi, ƙannen Amak sun jeru jikin bango da zannuwan fita, Mak Dang a wurinsa kusa da ginshiƙi. Afdal ba ya nan, ba hurumin zuwansa ba ne. Tambayar farko da kawuna ya yi ita ce wa ya buɗe. Amak ta ce Wirda ce, yaron yana can ƙarshen tebur, ko shayinsa da ƙyar ya taɓa, kuma har yanzu babu wanda ya ji abin da ke ciki, har ita. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce bismillah.

Anduang ta fara da salati, ta yi tari, ta lissafo uwarta da uwar uwarta har ta kai kan Salamah, wadda ta kafa gidan nan. Ta ce daga Sariak Salamah ta sauko, daga gidan da ke gindin manyan itatuwan kwakwa biyu, kusa da masallaci.

Gidan su Afdal ke nan. Mak Dang ya gyaɗa kai a hankali, bai ko kalle ni ba, kuma na gode masa da hakan. Na ji hannun Amak ya kama yatsuna ta ƙarƙashin mayafi.

Muryar ta ci gaba. Ta ce amma ba a can aka haife ta ba. Uwarta mai tallan gishiri ce daga bakin teku, zazzaɓi ya kayar da ita a hanya, mutanen gidan suka shigar da ita, ta cika a cikinsu ta bar jaririya. Su suka rene ta, suka ba ta sunan danginsu don kar ta tashi ba kowa.

"A can ta yi wayo, amma ba cikinsu ba ce. Malam, ka rubuta da kyau ka gaya wa Bahar, don shi rabin magana kunnensa ke ɗauka. Tun yana yaro haka yake, a aike shi kwakwa biyu ya dawo da ɗaya yana murmushi."

Bahar shi ne Mak Dang. Ƙaramar ƙanwar Amak ta fara ƙunshe dariya, ta kasa, sauran suka biye mata suna share hawaye. Kawuna bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Dattijon da ko a jana'izar Anduang ban ga hawayensa ba. Can ya ce in mayar masa wurin da ta kira sunansa. Sau uku ina mayarwa.

Da ya natsu ya ce kar in yi saurin murna. Akwai dattawan da za su ce gidan da ya rene ka ya ba ka suna ya zama cikinka, ko da ba su haife ka ba. Ba shi kaɗai zai yanke ba. Ranar Alhamis zai je gaban Datuak.

"Ke za ki riƙe min na'urar, tunda ke take ji. Maganar kuwa ni zan yi." Ya share fuska da tafin hannu. "Ki gaya wa yaron ya zo da nasa kawun. Na ji kuma akwai tsohuwa da ranta a gidansu. A zo da ita. Bakin gida ɗaya ba ya isa."

Na sauko matakala, na zauna a gindin rumbun shinkafa na rubuta masa komai, da kurakurai, ban tsaya gyarawa ba. Rana ta yi sanyi, agwagi na dawowa daga fadama a layi. Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ina Sariak tun safe, na kasa zama a gari. Yanzu na shiga wurin kakata, tana tsince shinkafa. Abin da na ce mata kawai an samo muryar Anduang, kuma ana son ta ranar Alhamis. Wallahi ban ƙara ko kalma ba."

"Me ta ce?"

"Ta ajiye faifan shinkafar ta ce, sun kai wurin mai gishiri?"

Na miƙe tsaye ban sani ba.

"Uda, ta sani ke nan."

"Ta ce Anduang rabin labarin ta sani. Na roƙe ta ta ƙarasa min, ta ce ba ni za ta gaya wa ba, sai a gaban Datuak. Yanzu haka ta sa an sauko mata da akwatinta, wai a nemo mata zanen da za ta ɗaura."